Allurar Mai a Motar Autanmu

Ban iya tuƙi ba, kuma a shekaruna ba na jin zan koya. Amma akwai abu guda a cikin mota da na sani sarai, wato agogon da ke nuna ƙarfin bugun man inji. Autanmu ne ya koya mini shi a hanyarmu ta zuwa suna, kuma da ya san abin da zan yi da karatun kafin la'asar ɗin ranar, da bai buɗe bakinsa ba.

Ni ce babba a ɗakin Inna, shi ne na ƙarshe. Ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Madawa, shi kuma tun da ya bar karatu ya tafi Kwatano, ya shiga harkar motoci. Yana sayo su a bakin teku, ya kawo wa ƴan kasuwa da ma'aikata. Allah ya buɗa masa, ba a musu. In ya zo gida sai unguwa ta san ya zo, don ba ya taɓa zuwa da motar da ya zo da ita bara.

A bazarar da nake magana, ya zo da wata irin mota da ban taɓa gani ba sai a hoto. Rawaya ce, gajera, a kwance kamar an danne ta da tafin hannu, ƙofa biyu kacal. In ya tada ta, kajin maƙwabta sai su watse. Kujerunta fata ce fara tas, irin farin da mutum zai ji nauyin zama a kai. A baya akwai wani ɗan wuri da ake kira kujera, amma babba ba ya zama sai ya naɗe ƙafa. Ya ce wannan ba ta sayarwa ba ce, tasa ce, motar gudu ce da Turawa ke tsere da ita.

Zuwansa ya dace da sunan jikan Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, a wani ƙauye cikin fadama gaba da Tama. Gwaggo ba gwaggo kawai ba ce a wurin Auta. Da aka haife shi Inna ta kwanta ciwo mai tsawo, nono ya ƙafe. Gwaggo ce ta zo ta ɗauke shi, ta tafi da shi ƙauye, ta raine shi da nonon akuya, ta goya shi tana ban-ruwan albasa, ba ta maido shi ba sai da ya fara gudu. Don haka da Inna ta ce ƙafarta ba za ta bar ta tafiya ba, mu je a madadinta, bai yi gardama ba. Har murna ya yi. Ya ce bari ƙauye su ga mota.

Da safe na fito da kayan barka: turmin atamfa, sabulu, da ƙullin daudawar batso da Inna ta ce lalle a kai wa Gwaggo. Auta ya karɓi atamfa da sabulu, ya shinshina ƙullin, ya miƙo mini shi da yatsa biyu.

"Yaya, wagga ba ta shiga motata."

"Saƙon Inna ne."

"Ko na wa ne. Warin nan in ya kama hwatar kujera ba shi hita."

Na mayar wa Inna daudawarta. Sannan ya sa na cire takalmi na kakkaɓe, na sake kakkaɓewa, kafin na zauna. Na yi dariya a lokacin, na ɗauka ɗokin sabon abu ne.

Ya murɗa makulli, motar ta yi gurnani, amma bai taɓa komai ba. Ya zauna yana kallon gabansa.

"Mi muke jira?" na ce.

"Mai muke jira. Duba nan."

Ya nuna mini wani ƙaramin agogo a gefen babban na gudu, da lambobi daga sifiri zuwa sama, da ƴar allura ja. Allurar tana tsaye kan biyar. Ya ce wannan ba yawan mai take nunawa ba, mutane da yawa nan suke ɓata. Yawan mai da sanda ake duba shi, a buɗe kapo, murfin inji, a zaro a gani. Ita allurar nan ƙarfin da famfo ke tura man cikin jijiyoyin inji take nunawa. Da safe man ya kwana, ya yi kauri kamar zuma, famfo na tura shi da ƙyar, shi ya sa allura ke hawa sama. In inji ya ɗauki zafi, man ya saki kamar man shanu a wuta, sai ta sauko. Don haka ba a figar irin wannan motar da sanyinta, sai an ba ta lokaci.

Gaskiya ya iya bayani. Ni da nake koyarwa na san mai iya koyarwa in na ji shi. Yana magana a hankali, yana duba fuskata ya ga ko na gane. Na ji daɗi har cikin raina, na ce ashe yaron nan ba tufa da turare kawai ya iya ba.

Muka kama hanyar Buza. Allurar ta sauko kaɗan ta zauna tsakanin uku da huɗu, in ya ƙara wuta ta ɗaga, in ya sassauta ta sunkuya. Na kasa ɗauke ido daga kanta. Can gaba wani garken shanu ya tare hanya, muka tsaya muna jira su wuce. Sai na ga allurar ta zube ƙasa, ta kwanta kusa da ɗaya.

"Auta, man ya ƙare!"

Ya yi dariya har da buga sitiyari.

"Yaya, ba ki ji karatu ba. Moter, injin ke nan, ya yi zahi, kuma muna tsaye, ralanti yake yi, juyin sannu a wuri guda. Hwamfon tare da moter yake juyawa, in moter na tahiya sannu shi ma sannu. Haka ta gada. Duba."

Ya ɗan taka, motar ta yi ƙara, allurar ta zabura ta hau huɗu. Ya ɗaga ƙafa, ta koma ta kwanta. Ya sake, ta sake. Makiyayin ya juyo yana hararmu.

"To yaushe ake jin tsoro?" na tambaye shi.

Ya ce abu uku. In an taka ta ƙi tashi. In tana cikin gudu ta faɗi sifiri. Ko in wata ƴar fitila ja mai siffar buta ta kama, ya nuna mini inda take a mace, musamman in aka ji inji na ƙwanƙwasa kamar ana dakan ƙarfe. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, a kashe nan take. Amma allura ta kwanta a tsaye da zafin inji, ta tashi in an taka, wannan lafiya ce, shaida ce ma cewa agogon na gaskiya ne. Ya ce akwai motocin da allurarsu ba ta motsi ko kaɗan, an yi su ne don kwantar da hankalin matsorata.

Da muka bar babbar hanya muka gangara wajen fadama, motar gudu ta koma tafiyar hawainiya. Duk dutsen da ya goge cikinta sai Auta ya runtse ido ya ja tsaki. A wata ƙorama mai yashi ya sa na fita na taka da ƙafa don a rage nauyi. Ba mu isa ba sai hantsi ya yi sosai, an riga an raɗa suna, an yanka rago, ana ta girki.

Ya ajiye motar ƙarƙashin wani gawo a ƙofar gida. Kafin ya fito maza sun kewaye ta. Gwaggo ta fito da gudu tana guɗa, ta rungume shi, kanta bai wuce ƙirjinsa ba. Ta leƙa cikin motar, ta riƙe baki, ta ce, "Wanga ɗaki ne ko mota?" Na lura idanunta sun ɗan faɗa. Da muka shiga ciki ta ce mini tun jiya cikinta ke murɗawa, amma ba komai, gajiya ce. Ta koma kan tukwane.

Ranar an yi zafi irin na ƙarshen bazara, wanda ko inuwa ba ta da daɗi. Ƙudaje sun cika gidan saboda nama. Auta ya gaisa da dattawa, ya taɓa abinci kaɗan, sannan ya ce kansa na ciwo. Ya koma cikin motarsa, ya tada inji, ya kunna kilim, na'urar sanyi, ya rufe gilas. Daga cikin gida muna jin gurnaninta ba tsayawa. Jefi-jefi sai ya buɗe ƙofa ya bar wani daga cikin samari ya sa hannu ya ji sanyi.

Bayan azahar wata mata ta ƙwalla ƙara daga bayan madafa. Muka ruga. Gwaggo ce a ƙasa, ta yi amai, zawo ya ɓalle mata kamar an buɗe tulu, zanenta ya jiƙe sharkaf. Muka ɗauke ta zuwa ɗaki, muka canza mata zane, kafin mu gama ɗaurawa ya sake ɓaci. Na haɗa ruwan gishiri da sukari yadda aka koya mana, ina ba ta da ludayi, duk abin da ya shiga sai ya dawo. Cikin ɗan lokaci muryarta ta shige, leɓɓanta suka bushe. Na tsunkuli fatar hannunta, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Na san wannan ba na gida ba ne, sai an yi mata ƙarin ruwa.

Ɗan Gwaggo, uban jaririn, ya kira ambilans da wayar salula, aka ce ta fita da mai naƙuda, ba a san lokacin dawowarta ba. Motar haya guda da ƙauyen ke da ita ta tafi cin kasuwa tun asuba. Babur akwai, amma Gwaggo ba ta iya zama. Sai kowa ya ce alhamdu lillahi, ga mota a ƙofar gida, injinta ma a tashe. Likitar Tama, wato asibitin, ba nisa a mota.

Ɗan Gwaggo ya je ya ƙwanƙwasa gilas. Auta ya fito da sauri, ban hana masa wannan ba, da saurinsa ya shigo gida yana tambaya mi ya hwaru. Ya zo ƙofar ɗakin ya ɗaga labule. Ina durƙushe kusa da ita, na ga fuskarsa sarai. Ya dubi Gwaggo, ya dubi tabarmar da take kai, ya dubi tulin zannuwan da muka cire. Hancinsa ya motsa. Ya kai hannu ya toshe baki, ya saki labulen.

"Bari in juyo da mota," ya ce daga waje.

Muka naɗe ta a bargo. Na ce wa matan su nemo leda da tsohuwar tabarma a shimfiɗa a kujera, ni zan naɗe a baya in riƙe kanta. Na fita in ga ko ya matso da motar bakin ƙofa. Tana nan ƙarƙashin gawo inda take. Ƙofar direba a buɗe, Auta na zaune ƙafa ɗaya a waje, maza sun sunkuya suna leƙa ciki, yana nuna musu wani abu da yatsa.

"Ku duba da idonku," yake cewa. "Allurar mai ce wagga. Da sahe kan biyar take. Ga Yaya nan, ita ce shaida, tare munka taso. Yaya, ba kan biyar take ba?"

Na ce, "Kan biyar take."

"To kun ji. Yanzu ga ta kwance kan ɗaya. Wani dutse ya bugi cikinta a hanya, tun ɗazu nake jin ba daidai ba. In na motsa ta, ba mu kai ƙorama moter ya ƙone. Mu tsaya da Gwaggo cikin daji cikin rana, ba gaba ba baya. Ni ba ni ɗaukar alhakinta."

Mazan suka yi ta salati. Wani dattijo ya ce kayan Nasara ke nan, ranar da kake buƙatarsu ranar suke cin amanarka. Ɗan Gwaggo ya dafe kai.

Na ɗan jima ban gane abin da kunnena ke ji ba. Na matsa na leƙa. Allurar na nan daidai inda ta kwanta da safe a gaban garken shanu. Fitilar buta a mace. Injin na gurnaninsa lafiya lau, sanyin kilim na fitowa yana taɓa mini fuska.

"Auta, taka ta."

"Mi?"

"Taka ta mu gani. Kai ka ce mini in moter ya yi zahi yana ralanti haka take kwanciya. Ka ce in an taka ta tashi, lahiya ce. Tun hantsi take kunne, dole ta yi zahi. Taka."

"Yaya, wancan daban, wanga daban. In na taka yanzu na kashe ta."

"Ina jar hitilar? Ina ƙwanƙwasar da ka ce? Ni ban ji komi ba. Taka sau guda, in ba ta tashi ba ni da kaina zan ba ka haƙuri gaban mutanen nan."

Ya dubi mazan, ya yi wani ɗan murmushi na neman agaji.

"Kun ji hwa. Da sahe na ɗan yi mata hira don tahiya ta yi daɗi, yanzu ta zama makanike."

Wasu suka yi dariya. Dattijon nan ya ce, "Malama, ki koma cikin gida. Mai abu shi ya san abinsa." Na ce masa Baba, wallahi motar nan lafiyarta lau. Na juya ga Auta na sassauta murya, don har lokacin ina ganin ko zai ji kunya. Na ce mun samo leda, mun samo tabarma, zan shimfiɗa zanena a kai, in wani abu ya zuba ni zan wanke da hannuna.

"Wa ya yi maganar kujera?" ya ce, da ƙarfi fiye da kima. "Ni na ce miki kujera?"

Ya murɗe makulli, injin ya mutu, allurar ta faɗi sifiri kamar yadda kowace ke yi in an kashe. Ya ce, "Kun gani?" Ya sa makullin a aljihu, ya zagaya ya buɗe kapo, ya zaro sandar mai, ya goge ta da farin hankici, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗaga ta sama yana girgiza kai. Ina tsaye ina ganin man na sheƙi a jikinta har kan alama. Mazan ba su san me ake dubawa ba, su ma suka girgiza kai.

Ɗan Gwaggo ya dube ni, ya dube shi. Na ga ya fara zargi, amma talaka ne mai lambun albasa, kuma rabin abin da aka ci a sunan nan Auta ne ya aiko. Ya kau da kai. Ni kuma na ga in na tsaya jayayya Gwaggo za ta ƙare a ɗaki. Na ce wa ɗan Gwaggo ya ɗauro sharet, wato amalanke.

Aka ɗaura wa jakai biyu amalanke, aka shimfiɗa katifa, muka ɗora ta. Na zauna na ɗora kanta a cinyata, wata maƙwabciya ta riƙe zane a kanmu don rana, ɗan Gwaggo na kora. Dole muka bi ta gaban gawon. Auta ya dulmiya kansa cikin kapo, bai ɗago ba sai da muka wuce.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a hanya ba, na dai san rana ta karkata kafin mu hango Tama. Duk ramin da ƙafar amalanken ta faɗa sai Gwaggo ta yi nishi. Ina ɗiga mata ruwan gishiri a baki kaɗan-kaɗan. Ta yi amai a jikina, zawon ya jiƙa katifa ya gangaro har ƙafafuna, ƙudaje suka bi mu tun daga ƙauye. Ban ji ƙyamar ko ɗaya ba. Abin da ke tayar mini da zuciya shi ne farin hankicin nan, da yadda ya kira ni shaida. A wani wuri ta daina nishi gaba ɗaya, na sa kunne a bakinta ina kiran Gwaggo, Gwaggo, ɗanta na dukan jakai yana kuka.

Majo, babban ma'aikacin jinya na likitar, ya fito da kansa ya taya mu sauke ta. Ya nemi jijiya a hannu ya rasa, duk sun shige, sai a ƙafa ya samu. Ya rataya ruwa, yana matsa ledar da hannunsa don ya yi saurin shiga. Ya yi mana faɗa sosai, ya ce tsohuwa kamar wannan ba a jira da ita. Ɗan Gwaggo ya ce motar da za ta kawo mu ce ta lalace. Na koma na riƙe hannun Gwaggo. Wajen magariba Gwaggo ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Ɗanta ya koma ƙauye da jakai saboda baƙi, ya dawo washegari da hantsi. Amma ba a amalanke ya dawo ba. Ina wanke zannuwa a bakin famfo na ji gurnanin da na sani. Rawayar mota ta shigo ta tsaya, ɗan Gwaggo ya fito daga kujerar gaba, da wankakkun kaya, takalminsa a hannu. Ya zo yana ba ni labari da murna. Wai da safe Auta ya ɗan taɓa wata waya, liman ya yi addu'a, aka tada mota, sai ga allura ta miƙe tsaye kan biyar. Kowa ya gani, kowa ya yi kabbara.

"Ta kwana ta huce," na ce. "Man ya yi kauri. Ko ba a taɓa komi ba kan biyar za ta tsaya."

Ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai bai san mota ba.

Auta ya fito da gwangwanayen madara da katan ɗin ruwan roba. Bai shiga ɗakin ba. Ya tsaya a taga yana cewa sannu Gwaggo, Allah ya ƙara sauƙi, ya miƙa kayan ta hannun maƙwabciya. Gwaggo ta ɗaga hannu da ƙyar tana sa masa albarka. Sannan ya zo inda nake, ya tsaya nesa da ruwan wankin.

"Yaya, gobe kina da lakwal. In za ki bi ni, ki yi wanka ki sake kaya, ina jiranki."

Na ci gaba da wankina. Ya tsaya kaɗan, ya ce to shi ya wuce. Na kira diraktan lakwal ɗinmu na gaya masa halin da ake ciki, na zauna da Gwaggo har aka sallame ta.

Ranar da ta fara shan kunu da kanta, ta ce mini tana tausayin yaron nan, ya zo suna saboda ita motarsa ta lalace. Na ajiye kwanon da ke hannuna na gaya mata komai, tun daga garken shanu har sandar mai. Ta saurare ni har na gama, tana juya ludayi.

"Na ji muryarki ranar," ta ce. "Ina kwance ina jin ki. Ki bar shi."

"Gwaggo, kin kusa mutuwa a kan amalanke."

"Ban mutu ba. Ni ma na ga kujerun nan da sahe, hwarare tas. Da an sa ni ciki na ɓata su, da kunya ta riga zawo kashe ni."

"Ke kika wanke kashinsa har ya yi wayo."

"Wancan na jariri ne," ta ce, ta ci gaba da shan kununta.

Na fita waje na tsaya a rana don kada in yi mata tsawa. Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci guda kamar yadda na ji nata ba.

Na koma Madawa a bayan kamiyo, babbar motar albasa, a kan buhuna. Labari ya riga ni isa, amma ba yadda ya faru ba. Abin da Inna ta ji shi ne na tsaya gaban dattawan ƙauye na ƙaryata ƙanena, na ɗaga murya kamar mahaukaciya. Na yi mata bayani, ta ce ita ba ta san allura ba sai ta ɗinki, abin da ta sani shi ne ba ta son ta mutu ta bar ƴaƴanta ba sa ga-maciji. Ta kira mu duka biyu kafin ya koma Kwatano, ta zaunar da mu, ta ce kowa ya yafe wa kowa. Ya ce shi bai riƙe ni da komai ba, ya san tashin hankali ne ya sa. Na ce na ji. Inna ta yi addu'a, muka shafa.

Da na tashi tafiya ya biyo ni har zaure. Ba kowa sai mu biyu. Ya rage murya, yana murmushi, irin murmushin da ake yi wa abokin sirri.

"Amma Yaya kanki na ja. Sau guda na hwaɗa miki kika riƙe. Wallahi abokaina da ke tuƙi kullum ba su gane agogon nan kamar ke ba."

Na dube shi. Ba kunya a fuskarsa ko kaɗan, yaba mini yake da gaske.

"Ke ma kin ga halin da take ciki," ya ce. "Hwatar nan ba a samun irinta nan ƙasar. Kuma ga shi ta warke."

Yawu ya cika mini baki. Na juya na tofar a gindin bangon zauren, na gyara mayafina, na fita. Ya biyo ni yana cewa in tsaya ya sauke ni gida, rana ta yi zafi. Na tare ɗan kabu-kabu na hau.

Gwaggo ta koma lambunta kafin damina ta sauka. Ni da Auta muna gaisawa in an haɗu a sabga, yana kirana Yaya, ina amsawa, saboda Inna.